Samu ya ragu? A zo a faɗa, kada a ɓuya

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, maza da yawa a Kano suka rabu da aikin albashi. Wasu sallamar su aka yi, wasu kuma da kansu suka ajiye, saboda kuɗin motar zuwa aiki ya kusa cinye albashin. Malamin makarantar kuɗi ya kafa lema a bakin titi yana sana'ar POS. Ma'aikacin kamfani a Sharaɗa ko Bompai ya karɓi adaidaita sahu yana biyan balas, wato kuɗin da ake kai wa mai mashin kullum. A cikin waɗannan mutane akwai waɗanda aurensu ya mutu, yara suna hannun uwa, an kuma yanka musu abin da za su riƙa bayarwa duk wata, ko a gaban alƙali, ko a ofishin Hisba, ko a zauren tsofaffin surukai. Lokacin da aka yanka kuɗin, mutum yana da ƙarshen wata. Yau ba shi da shi, sai abin da ya kama daga safe zuwa dare.

Matsayina a kan wannan a fili yake. Uban da samunsa ya ragu da gaske ya cancanci a rage masa, kuma neman ragin ba abin kunya ba ne. Abin da ba shi da ikon yi shi ne ya rage wa kansa da kansa. Inda aka zauna aka yanka kuɗin, can zai koma da ƙafarsa, ya baje lissafinsa, a sake yankawa. Sai dai abin da nake gani a unguwa da cikin dangi akasin haka ne. Watan farko a turo rabi ba tare da bayani ba. Na biyu a ce ana nan ana ƙoƙari. Na uku waya ta daina shiga.

Kotunan shari'armu da littattafan Malikiyya suke hukunci, irin su Risala da Muhtasar da Tuhfa, kuma ba su bar wannan babi a duhu ba. Ciyar da ɗa namiji yana kan uba har ya balaga yana iya nema wa kansa, 'ya mace kuwa har ta tare a ɗakin mijinta. Saki ba ya taɓa wannan ko kaɗan. Uwa kuma, a wannan mazhaba, ba a ɗora mata ciyarwa ba, ko da tana da hali. Amma an auna nauyin da ƙarfin uban, kamar yadda aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta nuna. Saboda haka mutumin da ya sauko daga albashi zuwa nema na yau da gobe, in ya ce a duba masa, gaskiyarsa yake nema. Sharaɗin kawai, wanda aka san shi da samu, ranar da ya ce ya rasa, shi zai kawo hujja.

Akwai wani abu a Muhtasar na Shehu Halil, malamin Masar na ƙarni na 14, da na so a ce masu yanka kuɗin nan suna yawan tunawa da shi. A babin ciyar da mata, ya nuna cewa ana tsara lokacin biya ne bisa yadda kuɗi ke shigo wa namijin: wani kullum, wani mako-mako, wani wata-wata, wani shekara-shekara. Masu sharhi suka fayyace cewa ɗan ƙwadago da mai sana'ar hannu kullum ne nasu, mai albashi wata, mai gona da lambu shekara. Mu kuwa mun ɗauki wata mun liƙa wa kowa, kamar duk garin ma'aikatan gwamnati ne. Direban adaidaita ba ya taɓa ganin dubu talatin a dunƙule a aljihunsa. In ka ce ya jira ƙarshen wata ya biya, ka riga ka shirya masa saɓa alkawari, don kuɗin da ke shigowa ɗari biyu-biyu ba ya kwana talatin a hannun mai buƙata.

A gidanmu na ga wannan. Ƙanena da matarsa sun rabu da yara uku tsakaninsu, alƙali ya yanka masa naira dubu 30 a wata, ban da kuɗin makaranta da na asibiti. Yana aiki a wani kamfani a lokacin, kuma bai taɓa fashi ba. Da aka rage ma'aikata, kuɗin sallamarsa ya riƙe shi na ɗan lokaci, daga nan ya karɓi adaidaitar wani. Kuɗin yara ya fara zuwa a gutsure, can kuma ya ɗauke ɗif. Uwar yaran ta kira ni, muryarta a dashe. Ta ce, "Yaya, wallahi ko babu ce ya ɗaga waya ya ce mini babu, in san abin da zan gaya wa mai shago. Yaran nan kullum sai sun tambaye ni ko babansu tafiya ya yi."

Na aika masa ya zo. Bayan sallar isha ya iso, ya ajiye mashin a ƙofar gida, ya shigo da ƙurar titi har a girarsa. Kafin in buɗe baki ya zazzage aljihunsa a kan tabarma, don in gani da idona. Takardun ɗari biyu da ɗari da hamsin ne, duk sun yi laushi da gumi. Ya fara warewa. Kashin farko, mafi tsoka, ya tura shi gefe, ya ce balas ne. Na biyu man gobe da safe. Na uku tikiti da abin da mai faci ke bin sa. Abin da ya saura a gabansa ba shi da yawa, a ciki zai ci abinci, a ciki zai tara kuɗin haya. Ya ce, "Yaya, ki faɗa mini ta ina dubu talatin za ta fito a nan." Na ga gaskiyarsa. Amma sai na tambaye shi ko ya taɓa fashin balas tun da ya karɓi mashin ɗin. Ya ce, "Haba Yaya, ai ranar da na yi fashi, ranar mai shi zai karɓe makullinsa." Na ce, to su yaran me za su karɓe?

Nan matsalar take. Mai mashin yana da makulli, mai gida yana da takardar tashi, gidan mai ba ya ba da bashi. Duk wanda ke bin mutumin nan kuɗi yana da abin da zai tsorata shi da shi, ban da yaro ɗan shekara shida. Shi ya sa yaron yake komawa ƙarshen layi, sai in an samu ragowa. Ba na cewa iyayen nan ba sa son 'ya'yansu. Kunya ce ke korar da yawansu: mutum ya saba miƙa kuɗi cif, yanzu ba ya so tsohuwar matarsa ta gan shi da dubu huɗu a hannu, sai ya ce bari ya tara ya kai gaba ɗaya. Kuɗin ba ya taruwa, kunyar kuma tana ƙaruwa, har ya daina bin layin gidan. Abin da nake so uba ya yi shi ne ya ɗauki kuɗin 'ya'yansa kamar balas: a cire shi tun kuɗin yana da ɗumi, kafin a san akwai shi.

Haka muka yi da ƙanena. Naira 700 kullum, kwana shida a mako, a tura wa uwar yaran ta waya duk ranar Juma'a, abin da ya kama kusan dubu 18 a wata. Da kaka, rabonsa na hatsin gonar gado ya wuce gidan yaran kai tsaye. Muka koma kotun da ta yanka na farko, su biyun suka amince a gaban alƙali, aka rubuta, aka kuma sa lokacin da za a dawo a sake dubawa.

Kada wani ya ɗauka an yi adalci an gama. Matar nan ta yi asarar dubu 12 a wata a daidai lokacin da komai ya ninka. Wannan shi ne ɓangaren da maza masu neman ragi ba sa son ji: kafin ka nemi ragi, tsadar rayuwa ta riga ta rage maka ba tare da an tambayi uwar yara ba. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba a farkon 2023, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Ita kanta gwamnatin tarayya ta yarda dubu 30 ta daina riƙe mutum, ta mai da mafi ƙarancin albashi dubu 70 a Yulin 2024. To uban da aka yanka wa dubu 30 a 2022, ko da bai yi fashin wata ɗaya ba, abincin da yake sa wa yaransa a tukunya ya ragu ƙwarai. Giɓin kuwa uwa ce ke cike shi, da kitso, da suyar awara, da sayar da zannuwanta. Duk abin da ta sa kyauta ce daga gare ta, tunda shari'a ba ta ɗora mata ba. Mai neman ragi ya shigo zaure da sanin wannan, ya sauke murya.

Wannan ne ma ya sa nake ganin lokaci ya yi da za a daina yanka ciyarwa da naira zalla. A rubuta kwano nawa na masara ko gero, kwano nawa na shinkafa da wake, mai, sabulu, sannan kuɗin cefane. Kuɗin makaranta, kuɗin tara, kuɗin Laraba da magani a ware su, a faɗi wanda zai biya da inda zai biya. In an yi haka, farashi ya hau ko ya sauka, kwano yana nan kwanonsa, kuma ranar da aka zo ragi kowa zai ga ainihin abin da ake cirewa daga bakin yaro. Mutumin da zai iya cewa a rage dubu goma ko a jikinsa, zai yi nauyin baki in aka ce to faɗi, shinkafar za a cire ko waken.

Na san abin da mata da yawa za su ce: in aka buɗe wannan ƙofa, kowane namiji zai shigo ta ciki yana kukan babu. Tsoronsu yana da tushe. Mai albashi ba ya iya ɓoye samunsa, takardar biya tana nan, wurin aikinsa sananne ne. Mai sana'ar kansa kuwa daga shi sai Allah suka san cinikinsa. Na ga wanda ya rantse a gaban manya cewa ko na abinci ba ya samu, bai rufa wata uku ba aka ga akwatunan lefe sun fita daga gidansu. Na ga mai kukan babu da sabuwar waya a hannu. Irin waɗannan su suka sa ba a yarda da mai gaskiya.

A Birtaniya gwamnati ce ke wannan lissafi, kuma ofishin haraji take tambaya nawa uba yake samu. Mai matsakaicin samu ana cire masa kashi 12 cikin ɗari in ɗa ɗaya ne, 16 in biyu ne, 19 in uku ne ko fiye. In samunsa ya sauya da kashi 25 cikin ɗari, sama ko ƙasa, sai a sake lissafi. Ko a can ɗin ma, masu sana'ar kansu ne aka fi kuka da su wajen ɓoye samu. Mu a nan babu ofishin da ya san cinikin mai shayi ko na tela. Abin da muke da shi littafi ne na makaranta mai layi-layi, da saƙonnin shigar kuɗi a waya, da shaidar mutane. Mai adaidaita yana da mai mashin da zai faɗi balas. Mai POS na'urarsa tana riƙe da cinikin kowace rana. Ɗan kasuwa yana da maƙwabtan rumfa. Wanda ke neman ragi ya rubuta shiga da fita na wata biyu ko uku, ya kawo a duba. In ya ce sirrinsa ne ba zai buɗe ba, to ya ci gaba da biyan tsohon kuɗi. Ba a neman sauƙi da rufaffen littafi.

Sana'a kuma tana da lokacinta, dole a sa wannan a lissafi. Tela a watan azumi ba ya barci saboda ɗinkin Sallah, bayan Sallah kuma sai ya wuni yana kallon titi. Mai ƙanƙara kasuwarsa zafi ne, da sanyi ya shigo an gama. Manomi sau ɗaya yake ganin abin kirki, da kaka. Irin waɗannan in aka yanka musu abu ɗaya kowane wata, za su biya wata huɗu su gagara takwas. Gara a tsara musu tun farko: lokacin ciniki a ba da mai yawa, ko a sayi buhu a ajiye a gidan yara, lokacin rashi a ba da kaɗan amma kada a yanke. Kuma mutumin da ya zo neman ragi da lissafin watan da kasuwarsa ta mutu kaɗai, a tambaye shi na watan da ta ci.

Akwai hanyoyi biyu na gudu da ya kamata manya su daina rufa wa asiri. Ta farko ita ce kayan Sallah. Uba ya ɓace wata goma sha ɗaya, ana jibi Sallah ya aiko da shadda da takalma, dangi su yi ta sa masa albarka. Yaro ba ya cin shadda. Ta biyu ta fi muni: da an yi maganar kuɗi sai ya ce a ba shi 'ya'yansa. A Malikiyya riƙon yaro haƙƙin uwa ne har namiji ya balaga, mace kuma har ta tare, in uwar ta yi wani aure riƙon ya koma hannun mahaifiyarta kafin a zo kan dangin uba. Mai wannan barazana yawanci ba shi da inda zai ajiye yaran. Zai zube su ne wajen tsohuwarsa da ita ma ciyar da ita ake yi, ko ya haɗa namijin da wani malami a tura shi wani gari da ƙoƙo. An rage kashe kuɗi, an kuma kashe yaro da ransa. Alƙali ko mai unguwar da aka kawo wa irin wannan ya tambayi mutumin tambaya ɗaya: wanda ya kasa ciyar da su daga nesa, da me zai ciyar da su a kusa?

Su ma iyaye mata ina da magana da su, ni ma mace ce. Wadda tsohon mijinta ya zo mata da gaskiya, ya buɗe littafinsa, kada ta mai da zaman wurin ramuwar abin da ya faru a aure. Dubu huɗu da ke zuwa kowace Juma'a ta fi dubu talatin da ke kan takarda. Kai shi a tsare kuma ba ya sa tukunya ta tafasa, don ranar da ya kwana a tsare mashin ma kwana yake. Hana shi ganin yara saboda kuɗi ya ragu yaran ake hora, kuma uban da ya daina ganin 'ya'yansa ya fi saurin mantawa da cikinsu. Amma sassauci daban, sakaci daban. Duk abin da aka amince a rubuta shi, a kai gaban alƙali. Dalili kuwa, a fiƙihun Malikiyya ciyarwar yara ta watannin da suka wuce tana faɗuwa, sai in alƙali ne ya yanka ta, ko wanda ya ciyar ya yi ne da niyyar a biya shi. Matar da ta dogara da alkawarin baki a zaure tana iya wayar gari ta tarar shekara guda ta tafi a banza. Wannan hukunci kuma gargaɗi ne ga maza ta ɗaya gefen: in kotu ce ta yanka, kai kuma ka yi shiru ba ka koma ka nemi sauyi ba, watannin nan suna nan suna taruwa a kanka, ranar da aka kira ka da su za a fara.

Roƙona ga alƙalai da jami'an Hisba da masu unguwanni shi ne su sauƙaƙa hanyar dawowa. Mutumin da ke neman abincin yini ba zai iya ajiye mashin ya wuni a benci ana ɗaga zama ba, ita ma uwar ba ta da kuɗin motar zirga-zirga. A sa ranar sake dubawa a cikin hukuncin tun farko, bayan wata shida ko shekara, yadda ba sai an sake faɗa ba kafin a zauna. A tambayi kowane uba yadda kuɗi ke shigo masa kafin a ce masa wata. A sa biya ta waya ko ta hannun wani amintacce, don a bar shaida, a huta da rantse-rantsen na bayar da ban karɓa ba.

Sannan a rubuta a takardar cewa ragin nan na lokaci ne. Mai adaidaitar yau yana iya gama biya ya mallaki mashin, mai lema ɗaya yana iya buɗe shago. Da yawan mazan da suka san hanyar kotu ranar da samu ya ragu, ranar da ya ƙaru sai su manta da ita, su bar yara a kan kuɗin shekarar wahala suna girma, cikinsu da kuɗin makarantarsu suna girma tare da su. A nan ake gane wanda ya nemi sauƙi don babu da wanda ya neme shi don ya sulale. Wanda aka rage wa saboda ya faɗi gaskiyar rashinsa, ana bin sa bashin gaskiyar samunsa, kuma kamata ya yi ya kawo ƙarin da kansa tun kafin a aika masa sammaci.